Shekarar Da Aka Kife Littattafan Amsa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mini kwanaki har na zauna ina rubuta muku wannan. Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce wadda rana ta yi husufi da hantsi, kaji suka nufi akurki, masunta suka juyo da jiragensu gaɓa suna salati. Ina nan Yelwan Yauri a ranar, na sauka bakin ruwa neman kifi, sai ga liman yana kiran jama'a sallar husufi, na bar cinikin na bi sahu. A ƙarshen wannan shekara ne abin ya faru. Na san kun sha jin ana cewa mahaifinku ne ya yaƙi Turanci a jami'a, wasu kuma su ce ya ci amanar mutumin da ya koya masa shi. Maganar farko ƙarya ce tsagwaronta. Ta biyun akwai gaskiya a cikinta, kuma gara ku ji ta daga gare ni.

Kun san ban shiga boko da ƙuruciya ba. Kakanku malamin zaure ne, shi ne kuma mai rubuta wa masunta wasiƙa da ajami in za su aika saƙo ga danginsu na nesa. A gabansa na koyi riƙe alƙalami, na sauke Alƙur'ani, na karanta littattafan fiƙihu, gemu ya fito mini kafin in san baƙin boko ko ɗaya. Da aka ɗauke ni koyar da Larabci a wata firamare a Warra, a can na tarar da Bitrus, Bakambare ne daga wani ƙauye kusa da Ngaski, Kirista, shi ke koyar da Turanci. Na girme shi da shekara uku, amma shi ya zaunar da ni a kan bencin yara kullum bayan la'asar, shekara biyu cur, har na iya karanta jarida, na kuma zauna jarrabawar da ta buɗe mini hanyar gaba. Ko goro bai taɓa karɓa ba. Ina kiransa Ticha, yana kirana Alaramma, yana ja wa kalmar wutsiya don ya tsokane ni. Kowa ya bi hanyarsa ta karatu, Allah ya sake haɗa mu a jami'a guda, a tsangaya guda, shi yana shugabantar sashen Turanci, ni ina koyarwa a sashen Larabci. Iyalina suna nan Yauri, ina zuwa gida ƙarshen mako, shi kuma in hutu ya kawo shi gida sai ya biyo ta nan ya ci tuwon Innarku kafin ya wuce.

Ya kamata ku fahimci yadda jami'a take. Dokar karatu ba shugaba ke yanke ta shi kaɗai ba. Malaman tsangaya ne ke zama a ɗaki guda, daga farfesa har ƙaramin malami, a yi muhawara, a ɗaga hannu, abin da ya yi rinjaye a aika da shi sama a sa hannu. Abin da wannan taro ya ɗaure, shi kaɗai ke iya kwance shi. To, a wannan taro ne Bitrus ya kawo shawara, shekara biyu kafin husufin, cewa duk ɗalibin da aka ɗauka ya zauna jarrabawar tantance Turanci a makonsa na farko. Wanda ya ci ya shiga aji ɗaya. Wanda ya faɗi ya yi shekarar share fage tukuna, ba abin da zai karanta sai Turanci. Ya ƙara da sharaɗi ɗaya: makin da aka bayar ya zauna, ba a sake duba takardar kowa, ba a nuna wa kowa ita. Dalilinsa mai kyau ne, don ya san in aka bar ƙofa a buɗe, 'ya'yan manya ne za su fara shiga ta cikinta. Ni ne na tashi na goya masa baya. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa suna zaune a lakca kamar kurame, na kuma san wannan zama, don na yi shi. Ku riƙe wannan, ku da ake gaya wa na yaƙi Turanci.

Wata Asabar da safe, bayan an kafe sakamakon jarrabawar ta wannan shekara, aka yi sallama a zaurenmu. Wani mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da farar riga wadda ta sha wanki, ƙafarsa da laka don jirgin ruwa ya biyo daga Shanga. Ya ce sunansa Sa'idu, malamin Larabci ne a firamare, an ɗauke shi sashenmu. Ya durƙusa, na ce ya tashi ya hau tabarma, ya ƙi.

"Allah gafarta Malam, sifiri aka ba ni."

"A Turancin?"

"Awo. Sifiri, ko rabin maki babu. Ni ban ce na iya Turanci kamar 'yan birni ba, amma shekara shida ina koyonsa wurin hedimastanmu. Shafi uku na cika. In an ce na faɗi, na yarda. Amma sifiri ai na wanda bai zo ba ne."

Ya bayyana mini abin da ke gabansa. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarsu ta ba shi hutun karatu na shekara huɗu, ba ƙari. In aka sa shi share fage, karatun ya zama shekara biyar, hutun ya warware, dole ya zaɓi ko aikin da yake ci da iyalinsa ko digirin da ya yi shekara goma yana nema. An ba shi mako uku ya kai musu takardar shaidar cewa aji ɗaya ya shiga. Na gaya masa gaskiya, cewa doka ta hana a sake duba takarda, kuma da hannuna aka yi dokar. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na ce bari in ga Turancin nasa da idona. Na aika cikin gida a kawo sabon littafin rubutu. Innarku ce ta kawo da kanta, tare da kwanon fura, ta ajiye littafin a gabansa yadda ya zo hannunta, bayansa a sama. Ya ja shi, ya buɗe, ya fara rubutu. Ni idona na kan baƙaƙen, ina ganin Turanci ne mai ɗingishi amma yana tafiya. Innarku kuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce:

"Malam, ɗan'uwanka ne wannan. Dubi ta inda ya buɗe."

"Ta ina?"

"Ta baya mana. Kai ma haka kake yi wa jarida, sai ka gama labarin ƙwallo kafin ka san wa ya mutu."

Na dubi littafin. Daga shafin ƙarshe ya fara. Na tambaye shi yadda aka zaunar da su ranar jarrabawa, ya ce an raba littattafan amsa, kowa ya cika sunansa da lambarsa a bango, sannan mai tsaro ya ce kowa ya kife littafinsa kada ya taɓa sai an ce a fara. Ku ɗauki kowane littafin boko ku kife shi, ku duba. Ɗinkinsa zai koma hannun dama, daidai yadda littafin Larabci yake zama in fuskarsa na sama. Mutumin da ya yi shekara talatin yana buɗe littafi ta wannan hannu, aka ce masa fara, zuciyarsa na bugawa, ba zai tsaya juya komai ba. Hannu zai yi abin da ya saba. Su kuma masu duba takardun, ɗaliban babban digiri ne da aka tara musu ɗaruruwa, an kuma gaya musu shafukan baya na gwaji ne, ba a ba su maki. Mutum ya buɗe bango, ya ga shafin farko fari, na biyu fari, ya zana sifiri ya ja ta gaba.

Ranar Litinin ban shiga ofishina ba sai da na shiga na Bitrus. Na rufe ƙofa, na ɗauki littafin amsa daga kan teburinsa na kife, na nuna masa. Ya kalla, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Alaramma, ka san wa ya kira ni jiya? Wani babban mutum, ɗansa ya faɗi da maki biyu. Shekaranjiya wata Hajiya ta zo da mota har gidana. Duk na ce musu doka ta hana. Yau in buɗe siton takardun jarrabawa saboda mutuminka?"

"Ba mutumina ba ne, Ticha, shekaranjiya na fara ganinsa. Kuma ban ce a ƙara masa maki ba. Na ce a karanta abin da ya rubuta."

"Ba ka da tabbacin ya rubuta. Zato kake yi."

"To mu je mu kashe zaton. Makullin na aljihunka."

Na san shi, in ya rasa amsa sai ya nemi zolaya ya fake a bayanta. Ya mayar da tabarau, ya yi 'yar dariya, ya ce:

"In mutum bai san ta inda ake buɗe littafin Turanci ba, ai shekarar share fagen ta dace da shi."

Maganar ta soke ni. Na ce masa ni ma ban sani ba ranar da ya fara zaunar da ni a bencin Warra, kuma bai kore ni ba, juya mini littafin ya yi. Na gaya masa zan kai maganar taron tsangaya, don kada ya ji ta a bakin wani. Ya ce hakkina ne. Na fita.

Kwana tara ne tsakanin wannan rana da taron, kuma ban taɓa yin kwanaki masu nauyinsu ba. Na rubuta wa sakataren tsangaya a sa maganar a ajanda. Na koma gida ranar Juma'a, na kasa cin abinci, Innarku ta zauna a gefena tana gyaran shinkafa a faifai.

"Mi ke damunka? Gaskiyar ce ba ka gani ba, ko mai ita kake tsoro?"

"Mutumin nan shi ya koya mini abin da zan tashi in yi magana da shi a taron. Da harshen da ya ba ni zan kayar da shi."

"Ya koya maka don ka yi shiru da shi ne? Ka je ka faɗi abin da ka gani. Amma Malam, na san ka. In ka ga ka yi nasara, ka zauna. Kai ba ka iya barin magana da saura."

Na yi istihara, na wayi gari zuciyata ta tsaya a kan tafiya. Shawarar Innarku kuwa na ji rabinta na bar rabi, kamar yadda za ku gani.

Ranar taron ɗakin ya cika, don labari ya zaga cewa Larabci da Turanci za su kara. Shugaban tsangaya wani farfesan tarihi ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda shi ma da allo ya fara. Da aka zo kan maganata ban yi dogon jawabi ba. Na roƙi izini, na sa masinja ya raba wa kowa littafin amsa sabo, ya ajiye shi a kife. Na ce ina roƙon kowane malami ya rubuta mini sunan garinsu a shafin farko, yanzu, da sauri, ina ƙirga biyar. Aka yi ta gunaguni ana dariya, amma aka rubuta. Na ce kowa ya ɗaga littafinsa a buɗe. Mafi yawa sun juya nasu sun fara ta gaba. Amma mutum shida sun fara ta baya, huɗu daga sashenmu da na addini, ɗaya daga sashen Hausa, na shidan kuwa shugaban tsangaya da kansa. Ya dubi littafin da ke hannunsa, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Ikon Allah." Daga nan na ba su labarin malamin Shanga, ban faɗi sunansa ba. Na ce ba na neman a soke jarrabawa, ba na neman a ƙara wa kowa maki. Ina neman taron da ya ɗaure wannan sharaɗi ya sassauta shi sau ɗaya, a fito da duk takardar da aka ba sifiri, a rufe sunayen, malamai uku su buɗe kowane shafi.

Bitrus ya tashi, kuma ya yi magana mai ma'ana, ba zan rage masa ba. Ya ce ranar da aka buɗe sito don masu sifiri, gobe masu maki talatin da tara za su zo, jibi iyayensu, kuma ba malamin Shanga ne zai ci ribar wannan ƙofa ba a ƙarshe. Ya ce dokar da ake kwancewa duk lokacin da labari mai ban tausayi ya zo, ba doka ba ce. Wasu suka gyaɗa kai. Na duba fuskoki na ga duk da haka rinjaye na wajena. A nan ya kamata in zauna. Ban zauna ba. Na miƙe na ce:

"Ranka ya daɗe, shugaban sashen Turanci ya gaya mini a ofishinsa cewa duk wanda bai san ta inda ake buɗe littafi ba, shekarar share fage ta dace da shi. To ga mutum shida a ɗakin nan, har da mai kujera. Sai ya gaya mana ranar da za su fara."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da buga tebur. Bitrus bai yi dariya ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya tattara takardunsa a hankali, ya zauna har aka gama. Maganar da ya yi mini a bayan ƙofa, tsakanin aboki da aboki, cikin gajiya, na ɗauko ta na shanya a gaban ƙananan malaman da yake shugabanta. Magana zarar bunu ce. Tun kafin in koma kujerata na san abin da na yi.

An ɗaga hannu, shawarata ta wuce. Washegari aka fito da takardun sifiri a ofishin shugaban tsangaya, ni ban shiga cikin masu dubawa ba, don kada a ce. Wasu fararen ne da gaske. Amma guda tara an same su cike da rubutu daga baya. Da aka duba su da ma'aunin da aka duba na kowa, shida suka ci, uku suka faɗi, aka bar su a share fage don can ɗin ne ya dace da su. Sa'idu yana cikin shidan, da ƙyar ya haye, amma ya haye. Ya kai takardarsa Shanga saura kwana biyu wa'adin ya cika. Ya gama digirinsa a shekara huɗu, ya koma garinsu, daga baya ya zama hedimasta. Biyu daga cikin shidan mata ne 'yan makarantar Islamiyya, ɗaya na ji tana koyarwa a kwaleji yanzu. Ban san abin da na yi a shekarun aikina da ya kai wannan ba, kuma ba na jin kunyar in ce ina alfahari da shi. Allah ne ya nufa, ya bi ta idon Innarku.

A taro na gaba wasu suka ga dama ta samu, suka kawo shawarar a soke jarrabawar ɗungurungum, suna zaton zan jagorance su. Na tashi na ƙi. Na ce laifin na hannun mai raba littafi ne da idon mai dubawa, jarrabawar kanta ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Aka bar ta, aka gyara abu uku: ba a ƙara cewa a kife littafi, mai dubawa sai ya sa hannu a kowane shafi har na ƙarshe, kuma duk sifiri sai malami na biyu ya gani kafin a kafe. Sharaɗin Bitrus na hana roƙon maki yana nan yadda ya rubuta shi har na bar aiki. Shi kuwa, da yake shi ke shugabantar kwamitin jarrabawar tun farko, ya ajiye muƙamin a wannan mako. In mun haɗu a baranda sai ya ce, "Barka da aiki, Dakta," in ce, "Barka kadai, Dakta." Sunan Alaramma ya mutu, sunan Ticha ya mutu. Sau biyu na tsaya a ƙofar ofishinsa na juya. Na riƙa gaya wa kaina ai ni ke da gaskiya, shi ya kamata ya fara. Haka muka yi ritaya, shi ya koma ƙauyensu yana noma, ni na dawo Yauri. Kuna yara kuna tambayar me ya sa Baba Bitrus ya daina zuwa, ana ce muku aiki ne ya yi masa yawa.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Sai Allah ya kira ni aikin Hajji. Kun san al'adarmu, maniyyaci yakan zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara kafin ya tashi. Na zaga Yelwa kaf, har mai gyaran rediyon da muka taɓa sa-in-sa da shi. Da na dawo na ce wa Innarku na gama, ta ce, "Ka gama masu sauƙi." Washegari bayan asuba na hau motar Warra, daga can na hau babur zuwa ƙauyensu.

Na same shi a gindin ɗorawa a bakin gonarsa, yana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Ya tsufa, gashin kansa fari fat, tabaraun an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Na yi sallama. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona.

"Dakta. Ɓatan hanya ka yi?"

"Ticha, Makka za ni. Ba na so in tsaya a gaban Ɗakin Allah da haƙƙinka a wuyana. Maganar da ka gaya mini a ofis amana ce, na kai ta kasuwa don a yi maka dariya, alhali na riga na samu abin da na je nema. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, ya ɓare kamar biyar kafin ya yi magana.

"Shekara goma sha ɗaya kana haɗa jimla huɗu. Ashe ban koyar da kai da kyau ba."

Ya tura mini kututturen da ke gefensa da ƙafa, na zauna. Ya ce in saurara, shi ma yana da tasa.

"Ranar da ka fita daga ofishina, ban tafi cin abinci ba. Na ɗauki makulli na shiga sito, na nemo takardar mutumin Shanga. Na buɗe ta baya. Shafi uku, Alaramma. An ce su rubuta sana'ar garinsu, ya rubuta yadda ake dashen shinkafa in ruwa ya ja baya. Na karanta har ƙarshe, na mayar, na kulle. Kwana tara na san kana da gaskiya, na shiga taron nan na tsaya ina kare ƙofa. Na ce wa kaina in na faɗa, dokar ta mutu. Dariyar da aka yi mini na manta da ita tun a shekarar. Abin da ya hana ni kallon idonka shi ne wannan takardar da na karanta na ɓoye."

Na ce masa wannan haƙƙin ba nawa ba ne, na Sa'idu ne.

"Na sani. Na je Shanga tun shekarar da na ajiye aiki, na same shi a ofishin hedimasta na gaya masa. Ya yanka mini zakara, ya raka ni har bakin jirgi. Shi mai sauƙi ne. Kai ne ka yi mini tsauri, don kai na koyar."

"Na yafe maka, Ticha, duniya da lahira."

"Ni ma na yafe maka. Tun tuni ma, faɗa ne ban yi ba." Ya turo ƙwaryar tsakaninmu. "To sa hannu. Gyaɗar nan ba za ta ɓare kanta ba."

Muka zauna muna ɓara, yana tambayata ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku, wa ya yi aure, wa ke karatu, ina tambayarsa nasa. Matarsa ta kawo kunu muka sha. Da rana ta karkata ya dubi inuwar ɗorawar, ya tashi da kansa yana dafa gwiwa, ya ɗebo mini ruwa a buta, ya kakkaɓe wani buhu ya shimfiɗa.

"Azahar ɗinku ta yi. Gabas can take, wajen gidan tururuwar nan. In ka isa can ɗin ma, ka sa ni a addu'a."

Na kuwa sa shi.